Rubutaccen shiri: Baƙin hayaƙi da kabon a injin tsohuwar tarakta

Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda 'yan uwa masu cewa data ba ta isar su saurare, da waɗanda suka fi son karantawa a nutse. Na rage wasu maimaice-maimaice, amma maganar tana nan yadda na yi ta.

To, yau gareji za mu shiga, kowa ya naɗe hannun riga. A shirin da ya wuce na ambata cewa saura ƙiris taraktar ƙungiyarmu ta jefa mu cikin bashi, sai saƙonni suka yi ta shigowa: me ya same ta, ya kuka yi? Wasu suka ce tasu ma tana nan tana irin wannan hayaƙin. Shi ya sa na ce bari in ware shiri guda a kai. Tun farko in gaya muku, ni ba makanike ba ne, abin da na karanta a jami'a ko kusa da sifana bai je ba. Abin da zan faɗa, wani a bakin masu sana'ar na ji, wani a littafin injin na karanta, wani kuma wuya ce ta koya mini.

Mu 17 ne muka haɗa kuɗi muka sayi wata tsohuwar Massey Ferguson 375 ta hannu. Akwai wanda ya sayar da babur ɗinsa a cikinmu, akwai wadda ta zuba kuɗin adashinta. Niyyarmu mu yi wa kanmu aiki, mu kuma ba da haya. Daminar farko lafiya lau. Da rani ta yi ta jan tirela, yau yashi, gobe takin gida, jibi kayan kasuwa. Da damina ta biyu ta kawo kai, manoma suka ba mu kafin alƙalami, muka rubuta sunaye, kowa da ranarsa. Ruwa ya sauka, muka ɗaura garma, sai tarakta ta ce ba ta san zancen ba. Garma mai faifai uku da take ja bara ko gezau, yanzu da an kafa ta a ƙasa sai inji ya kama nishi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe kamar an cinna wa taya wuta. Ga wani baƙin ruwa mai danƙo yana tsiyaya daga mahaɗar salansa yana ɓata bonet. Duk wanda ya san noma ya san kwanakin farkon damina ba sa jiran kowa. Manomin da ya ba ka kuɗinsa, maƙwabcinsa ya shuka shi bai shuka ba, wallahi ba ya son jin wani dogon bayani.

Makaniken da muka fara kira bai ɓata lokaci ba, ya leƙa salansa, ya shafo baƙi da yatsa, ya ce kabon ya cinye injin, sai obahol. Kuɗin da ya yanka ya fi abin da ke asusunmu, kuma aikin zai ci makonni. Muna cikin wannan zulumi aka haɗa mu da wani dattijo, irin waɗanda suka koyi aikin tun zamanin da ake harhaɗa taraktar Steyr a Bauchi da Fiat a Kano. Shi bai fara da sifana ba, tambaya ya fara yi.

Ya ce, "Ɗana, da rani in ana loda mata yashi, kashe ta kuke yi ko a kunne take?"

Na ce, "A kunne, Baba. Batirin ya yi sanyi, in aka kashe sai da turi."

Ya ce, "Tirela guda da shebur, minti nawa?"

Na ce, "Ai kusan awa guda ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi gejin zafi ya ga ya daɗe da mutuwa. Ya kwance wani ɗan murfi mai noti biyu a gaban injin, inda tiyon lagireto na sama yake shiga, ya nuna mini ciki, wayam. Ya ce, "Wa ya cire mata tamostat?" Babu wanda ya sani a cikinmu, a haka muka saye ta. Sai ya ce, "Injinku bai mutu ba. Sanyi da zaman banza ne suka kama shi."

To bari in warware wannan magana ta Baba, don a nan duk zancen yake.

Injin gas, wato dizal, ba shi da fulogi kamar na fetur. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta wajen ninki 16, matsin ya sa ta ɗauki zafi sama da digiri 500. A daidai wannan lokaci nozul ya fesa mai a ciki, man ya kama da kansa. Kun ga kenan ana buƙatar iska isasshiya, ana buƙatar zafi, ana kuma buƙatar man ya fito a feshe kamar hazo. In ɗaya ya gaza, man ba zai ƙone duka ba, abin da ya rage shi ne baƙin da muke gani. Ku tuna fitilar ƙwai. In ka ɗaga lagwani ya wuce kima, ko ƙura ta toshe 'yan hujojin da iska ke shiga, nan da nan ƙwan ya yi baƙi. Ko ku dubi rufin madafi inda ake girki da ɗanyen itace, kunkunniya ce ko'ina. Abin da ke faruwa a cikin inji kenan. Wani sashe na baƙin ya fita ta salansa, wani ya haɗu da ɗanyen mai da baƙin mai ya manne, zafi ya gasa shi ya yi tauri kamar ƙanzo. Shi makanikai ke kira kabon. Saboda haka duk wanda ya kankare kabon bai gano dalilin taruwarsa ba, ya shirya sake kankarewa baɗi.

Mu fara da iska, don ita ce mafi arha kuma ita aka fi sakaci da ita. Injin irin tamu silinda huɗu ne, cikinsa wajen lita 4. In yana juyi 2,000 a minti, yana zuƙar iska lita 3,000 zuwa 4,000 a kowane minti, wato kamar duro 15 zuwa 20. Yanzu ku ɗauki wannan ku kai shi gonar da ake haro a busasshiyar ƙasa, ko hanyar birji da hunturu, ko wajen casar masara. Duk ƙurar nan eya kilina ce ke tare ta. Tamu irin mai tasar baƙin mai ce a ƙasa, da Baba ya sauke tasar, wallahi ba mai ba ne a ciki, taɓo ne, ana iya yin tukunya da shi. A lokacin ƙura kullum ake zubar da abin da ya taru a kofin sama, a duba tasar, in ta yi laka a wanke a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Kada a zarce layin, don injin zai iya zuƙe man ya ƙone shi. Masu irin ta takarda kuma, a ɗan bubbuga a hankali ko a hura daga ciki zuwa waje, in ta huje a sauya. Na taɓa ganin wanda ya cire filta gaba ɗaya wai don inji ya sha iska. Eh, hayaƙin ya ragu kwana biyu, amma ƙura samfefa ce, ita ke cinye ringi da silib.

Sai nozul. Hujojin bakinsa sun yi ƙanƙantar da ko allurar ɗinki ba ta shiga, kuma yana buɗewa ne da matsin da ya haura ninki 150 na iskar da muke shaƙa. In ya tsufa ko datti ya ci shi, maimakon feshi sai ya dinga ɗigo ko tsartuwa. Ɗigon mai ba ya ƙonewa da kyau, sai ya gasu a bakin nozul ɗin ya ƙara karkatar da feshin. Baba ya gano masu matsalar ne da wata dabara: inji na sulo, ya sassauta notin bututun mai na kowane nozul ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta inji ya canza murya, yana aiki. Wanda aka sassauta babu wani bambanci, to dama can ba ya taɓuka komai. Muka kai duka huɗun wurin masu gwajin nozul, biyu suka gyaru da wanki da seti, biyu aka sauya musu baki. Gargaɗi a nan: kada kowa ya kai hannu gaban nozul yana feshi, man yana huda fata, kuma raunin ba na wasa ba ne.

Akwai kuma abin da ake kira ƙara wa inji mai. A jikin famfon nozul akwai wani noti da kamfani ya ɗaure ya sa masa hatimi, shi ke iyakance yawan man da za a tura. In tarakta ta rage ƙarfi, wasu sai su fasa hatimin su murɗa. Ɗaga lagwani kenan a fitilar da iskarta ta toshe. Ƙarfin da za a samu kaɗan ne, baƙin kuwa ninki. Tun 2022 da gas ya yi tashin gwauron zabo, har lita ta zo ta haura naira 1,000, duk baƙin hayaƙin da ka gani yana tashi kuɗinka ne ke bin iska.

Shi kansa man ma abin dubawa ne. Mu a jarka muke saya a bakin hanya saboda gidan mai ya yi mana nisa, kuma ba kowace jarka ce ke da tsabta ba. Akwai ruwa, akwai datti, akwai gauraye da kananzir, akwai wanda aka dafa a daji ba bisa ƙa'ida ba. Yanzu duro muke saye, mu bar shi ya kwana ya kwanta, mu ɗiba daga sama, ba ma taɓa na gindi. Kowace safiya kuma a dubi ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin filta, in ruwa ya taru a tsiyaye.

Yanzu mu zo kan sanyi, wanda shi ne babban laifinmu, kuma na san a nan za a yi mini gardama a sashen sharhi. Tamostat wani ɗan bawul ne da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto har sai injin ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80. A ƙasar nan kusan al'ada ce a cire shi. Za ka ji an ce ai na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan zafi gare mu. Na fahimci inda maganar ta samo asali: inji ya yi ta tafasa, an cire tamostat, tafasar ta lafa, shi kenan an samu hujja. Amma in ka bincika, abin da ya sa shi tafasa tun farko lagireto ne da ƙaiƙayi ya toshe ta waje, ko gishirin ruwan rijiya ya toshe ta ciki, ko fambel ya saki. An bar jaki ana dukan taiki. Gaskiya ne, in ana kaftu da tsakar rana a watan Mayu, injin zai yi zafi ko da tamostat ko babu. To amma da asuba fa? Da hunturu fa? In tana jan tirela rabin lodi fa? A irin waɗannan lokuta injin da ba shi da tamostat zai yini bai kai zafinsa ba. Bangon silinda mai sanyi yana kashe wutar da ta kusance shi, mai ya kwanta a jiki bai ƙone ba.

Ku haɗa wannan da dogon sulo. A sulo man da ake fesawa ɗan kaɗan ne, wutar ba ta da ƙarfi, matsin da ke tura ringi ya manne da bango shi ma ba shi da ƙarfi. Ɗanyen mai ya wanke baƙin man da ke jikin bangon, wani ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin man inji, wani ya haɗu da kunkunniya ya bi salansa. Baƙin ruwan nan mai danƙo da ke zuba a bonet ɗinmu shi ne. Mu muna tsammanin baƙin mai ne injin ke amai, ashe yawancinsa gas ne da bai ƙone ba. In abin ya daɗe, bangon silinda sai ya yi santsi da sheƙi kamar gilashi, ringi ya kasa kama shi. Mu kuwa rani guda cur muka yi muna barin ta a kunne awa guda ana lodi, a je a sauke, a dawo a sake awa guda. Duk saboda me? Saboda batir. Abin dariya abin takaici, kuɗin batir da gyaran caji muka ƙi kashewa, muka kusa biyan kuɗin obahol.

Kabon kuma shi ke haifar da ɗan uwansa. Ya taru a ramin ringi, ringi ya maƙale, matsi ya zube ƙasa, zafin matsi ya ragu, ƙonewa ta ƙara lalacewa. Ya taru a mazaunin bawul ɗin fitar hayaƙi, bawul ya kasa rufewa ruf, wuta ta dinga bi ta gefen har ta ci shi. Ya cushe salansa, hayaƙi ya kasa fita, sabuwar iska ta rasa wurin shiga. Shi ya sa za ka ga abin ya daɗe yana tafiya a hankali, sai rana ɗaya ya rufto gaba ɗaya.

Kafin a kira makanike, launin hayaƙi yana ba da labari. Baƙi, mai ya fi iska yawa: a duba eya kilina, nozul, famfo, ko kuma lodi ya fi ƙarfin giyar da aka sa. Wannan na ƙarshen direbobi su ji da kyau, in ka sa babbar giya inji na nishi a ƙasa-ƙasa, kabon kake dafawa, sauko da giya ka bar shi ya juya. Ɗan baƙin da ke fita lokacin da aka taka totur ko garma ta ci karo da ƙasa mai tauri ya wuce, wannan ba komai ba ne a tsohon inji. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa, ko ringi ko hanyar bawul ta sassauta. Fari mai yaji a ido, gas ne da bai kama ba, in da sanyin safiya ne ya ɗauke bayan 'yan mintoci babu damuwa, in ya ƙi ɗaukewa a duba matsi da taimin. Fari irin na tururi, ga ruwan lagireto na raguwa, to gaskit ne, a kashe inji kawai. Akwai kuma bututun numfashi da ke gefen inji, in yana busa hayaƙi kamar bakin buta a kan wuta, matsi na zubewa ta ringi.

Abin da Baba ya yi mana bai kai kwana biyu ba. An wanke eya kilina, an gyara nozul, an sauya filtar mai, an wanke lagireto ciki da waje, an sa tamostat da sabon gejin zafi. Ya yi setin bawul, 0.30 na milimita in injin na da sanyi, kamar yadda littafin Perkins na irin wannan inji ya nuna. Aka kwance salansa aka bubbuge ta, abin da ya zubo ya kusa cika kwanon sha. Aka yi juye. Muka ciji yatsa muka sayi batir.

Sannan ya ce, "To yanzu ku kai ta ta yi gumi." Ya sa muka ɗaura garma muka shiga gona mai ƙasa mai nauyi, a giyar da injin ke jin lodi amma bai durƙushe ba, totur a sama, ido a kan geji. Rabin awar farko hayaƙin ya fi na da muni, har gabana ya faɗi. Can sai tartsatsi ya fara fita ta salansa, gutsattsarin kabon ne ke kamawa suna tashi. Bayan kamar awa uku hayaƙin ya washe, muryar injin ta canza, danƙon nan ya bushe. Zafin aiki na gaske shi ke ƙone kabon mai laushi, babu wani magani a kwalba da ya kai shi. Amma a lura da tartsatsin nan. Mu da damina muka yi, ƙasa a jiƙe. Kada wani ya gwada wannan da kaka kusa da tarin kara ko dami ko wajen casa, gobara ba ta da wuya. Kuma a yi shi bayan an gyara iska da nozul da ruwa, in ba haka ba ƙara dafa wani kabon ɗin za a yi. Bayan kwana kaɗan muka sake juye, saboda dattin da ya saki ya gangara cikin mai. Manomanmu an yi musu aiki, wasu a makare da kwana huɗu ko biyar, mutum biyu suka karɓi kuɗinsu, ba mu ga laifinsu ba.

Ba kowane kabon ne aiki ke ƙonewa ba, wanda ya riga ya zama dutse sai an buɗe. Mu bayan kaka muka buɗe tof silinda, lokacin da babu mai jiranmu. Na tsaya a kai daga farko har ƙarshe. Baba ya toshe hujojin mai da na ruwa da tsumma, ya kawo fistin sama, ya shafa giris a zagayen bakinsa don ya kama ɓarɓashi kada ya faɗa wa ringi. Da guntun katako mai tauri da ɗan alminiyon ya kankare kan fistin, ya hana yaronsa taɓa shi da sukundireba, ya ce fistin alminiyon ne, duk ƙarzar da ka yi masa nan sabon kabon zai fara kamawa. Bawul aka ciro kowanne aka jera a kwali da lambarsa don ya koma raminsa, aka goge da burushin waya, aka yi girandin. Sabon gaskit, ba a mayar da tsoho. Ɗaurin notin tof kuma daga tsakiya ake farawa a yi waje, da sifana mai awo, daki-daki. Wannan wurin kada ku yarda da "hannuna ya saba". In makanikenku ba shi da sifana mai awo, a aro.

Akwai dabarun da ake yaɗawa a bidiyo da nake roƙon ku ku bar su. Na farko ɗura ruwa ta hanyar iska inji na aiki wai tururi ya wanke kabon. Sararin da ke saman fistin a injin gas ɗan mitsitsi ne, ruwa kuma ba ya matsuwa, in ya ɗan yi yawa sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Na biyu zuba kananzir ko fetur ko man birki ta wannan hanyar. Injin gas da mai ake sarrafa gudunsa, in ka ba shi mai ta hanyar iska ka ƙwace linzami daga hannun famfo, zai iya tashi da gudu ka ja abin kashewa ya ƙi mutuwa har sai ya tarwatse. Zuba fetur ko kananzir a tanki kuma yana cinye famfo, saboda shi gas ɗin ne man shafawar famfon. Magungunan kwalba na wanke nozul, masu kyaun suna ɗan taimakawa in dattin bai yi nisa ba, amma ba sa gyara nozul ɗin da ya ci, ba sa mayar da tamostat. Sannan yawancin bidiyon da za ku gani a YouTube kan sababbin injuna ne masu matatar hayaƙi da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Tsofaffin taraktocinmu ba su da waɗannan, kada a sayar muku da maganin cutar da ba ku da ita.

Wani abu da ba na so in tsallake shi ne lafiyar direba. Salansar tarakta a gaban fuskarsa take, in ta gajarce ko ta huje duk abin nan shi ke shaƙa yini guda. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta huhu. Direbanmu yaro ne ɗan shekara 24, da yamma in ya fyace hanci baƙi ne ke fita, yana dariya yana cewa alamar aiki ce. Mun ƙara wa salansar tsawo ta wuce kansa, mun sa mata murfin nan mai buɗewa da kansa don ruwan sama kada ya shiga. Kuma ba a kunna ta a rufaffen shago.

Yanzu akwai littafi a akwatin tarakta. Ana rubuta awannin aiki, ranar juye, ranar wanke eya kilina, inda aka sayi mai. Juye a awa 250 ne a ƙa'ida, mu ba ma bari ya kai in an sha ƙura. Da safe minti uku zuwa biyar ta ɗumama, a fara da aiki mara nauyi har geji ya hau. In za a tsaya fiye da 'yan mintoci a kashe. In an tashi daga aiki mai nauyi a bar ta minti biyu ta huce kafin a kashe. Da rani kuma in ta jima tana ƙananan aike-aike, mukan nemo mata aiki mai nauyi ko da na rabin yini ne. Sai da muka yi 'yar rigima da direba kan kashewar nan, shi a ganinsa tarakta a kunne ita ce alamar ana kan aiki, kuma tsoron turi bai sake shi ba. Da ya ga ta tashi bugu ɗaya sau goma a yini, ya haƙura.

Ban ce ta koma sabuwa ba. Har yanzu da safe tana ɗan tofar da shuɗin hayaƙi, tana kuma shan baƙin mai kaɗan, Baba ya ce ringi da silib sun yi nisa, za su kai mu damina ɗaya ko biyu in mun kiyaye. Mun buɗe asusu daban muna zuba wani abu daga kowace haya saboda ranar, kuma da rani za a yi aikin, in Allah ya kai mu.

Masu tambaya, ku rubuto irin taraktarku, launin hayaƙin, da lokacin da yake fita, da safe ne ko sai an ɗora lodi. Ku duba mini kuma ko akwai tamostat a ciki kafin ku rubuto. Zan tattara in kai wa Baba, abin da ya ce in kawo muku a shiri na gaba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.